Murjanin Kaka dutse ne ko dabba?

Musu ne ya jawo wannan rubutun, kuma da tsohuwa aka yi shi. Ana shirin bikin ƙanwata nan Garwa aka sauko da akwatin ƙarfen Kaka wanda rabon da a buɗe shi har an manta, ta zaro sarƙar murjani ja jawur, wasu ƙwayoyin duk sun dushe sabida tsufa, can ƙasan akwatin kuma ga wuri guda takwas ƙulle a tsumma. Ni kuma da ƙaiƙayin baki na ce Kaka kin san abun nan da kike ratayawa a wuya ƙashin dabba ne? Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "Kai angon nan nawa lekol ta gama da kai. Dutsen da uwata ta bar min ne dabba? To ina ƙafarsa, ina bakinsa?"

Ƙafa kam babu, amma baki akwai, kuma kusan shi kenan abun da yake da shi. Murjani ɗan mitsitsin halitta ne, yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, jikinsa kamar 'yar jaka mai laushi, baki a sama, kewaye da bakin wasu 'yan yatsu masu harbi da yake kama ƙananan ƙwarin ruwa da su, galibi da dare. Ba ya tafiya ko'ina, inda ya zauna tun yana jariri nan zai mutu. Abun da yake yi shi ne ya tsotsi sinadarin da ke narke cikin ruwan teku ya gina ma kansa ɗan ƙoƙon zama mai tauri, irin sinadarin alli da farar ƙasa da ɓawon katantanwa, sai ya tsage ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kowanne da ƙoƙonsa manne da na ɗan uwansa, na ƙasa su mutu na sama su ɗora gini a kan ƙasusuwansu, haka haka har shekara dubbai. Masu rassa kamar ƙahon barewa su ne masu sauri, suna iya ƙara santimita 10 a shekara, masu dunƙulewa kamar tukunyar da aka kife kuwa santimita 1 ma sai sun yi da gaske. Da wannan tafiyar hawainiyar aka gina ganuwar murjani ta Ostareliya mai tsawon kilomita 2,300, wato ka tashi daga Duwala ka zo Kusiri ba ka kai ƙarshenta ba.

Sai dai in yi ma Kaka adalci, nata jan murjanin ba shi ne mai gina ganuwa ba, ɗan uwansa ne. Shi ja a Bahar Rum yake, cikin duhu a kogunan duwatsu da wurare masu zurfi, yana girma a hankali ƙwarai, kuma akwai wani gari a Italiya kusa da Napoli, Torre del Greco, da sana'arsu ke nan tun kaka da kakanni, fafe shi da huda shi. Ta hamada irinsa ya riƙa zuwa mana. Shi ne dai sunan da muke ji a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Na kasuwa yanzu kuwa kar ma a tona, mafi yawa kwalba ce ko roba.

Abun da ya fi ɗaure min kai a lamarin ba Kaka ce ta tayar da shi ba, Kawuna ne da ke su a Lagdo. Na nuna masa bidiyo a waya, ruwa garau kamar na gora kana hango ƙasa, kifaye kala-kala sun yi dafifi, ya daɗe yana kallo ya ce "Ɗan nan wannan haɗi ne na kwamfuta. Ruwan da ya yi haske haka me kifi zai ci a ciki?" Kuma wallahi tambayar masani ce. Duk wanda ya san Binuwai ko Logon ya san kifi ɗan ruwan laka ne, sai damina ta yi ambaliya ta shafe fadama, ruwa ya kwaso ruɓaɓɓen ciyawa da kashin shanu, sannan karfasa da tarwaɗa za su shiga su yi ƙwai su yi ƙiba. Mutanen Yayre, wato fadamar Logon, sun gani da idonsu bayan an datse ruwa a Maga a 1979, ambaliya ta ragu kifi ya ragu. To ruwan tsibiran nan na yankin zafi shuɗin nan nasa da ke burge mutane alamar talauci ce, babu taki a cikinsa, hamada ce ta ruwa. Amma ganuwoyin murjani da ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, su ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in halittun teku. Kasuwa cike a tsakiyar sahara. Tun zamanin Darwin, masanin halittu ɗan Ingila wanda ya yi rubutu a kan ganuwoyin a 1842, masana ke juya wannan tambayar ta Kawu.

Amsar tana cikin naman shi ɗan murjanin. Akwai wata gansakuka ƙanana da ido ba ya gani, miliyoyi, da ke zaune a cikin tsokarsa, ba a kansa ba, a ciki. Ita tsiro ce, da hasken rana take haɗa abinci kamar ganyen kowace bishiya, sai ta miƙa ma maigidan mafi yawan abun da ta dafa, har ana cewa tana iya ba shi kusan kashi 90 cikin 100 na abincinsa, shi kuma ya ba ta ɗaki da tsaro, kuma ƙazantar da yake fitarwa ita ce takinta. Cuɗe ni in cuɗe ka. Ba abun da ke fita waje ya ɓace, ɗan takin da ke akwai yana ta zagayawa ne daga wannan baki zuwa wancan, kamar kuɗin adashi a unguwar talakawa, ba yawa gare shi ba amma ba ya kwana wuri ɗaya. Har launin da muke gani, ruwan ƙasa da kore da ɗorawa, yawanci na 'yar hayar ne, shi maigidan jikinsa kamar leda fara yake, ƙashinsa fari fat. Daga nan za ka gane sharuɗɗansa: ruwa ya zama marar zurfi don rana ta kai, ya zama garau, ya zama da gishiri sosai, ɗuminsa kuma wajen digiri 23 zuwa 29. Laka da ke raya karfasar Kawu ita ce ajalinsa, tana tare rana tana toshe masa baki.

Shi ya sa wanda ya taɓa zuwa Kiribi ko Limbe bai ga abun da ke cikin bidiyon ba, ko da ya nutsa. Gaɓarmu koguna sun yi mata yawa, ga Sanaga ga Wuri, ga Kwango daga kudu, ga Neja daga yamma wanda shi kansa Binuwai ɗin nan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Garwa can yake juye lakarsa a Lokoja, ga ruwan sama a Debunsha gindin dutsen Kamaru da ke kai milimita 10,000 a shekara. Ruwan ya tsarma, ya yi duhu. Akwai murjani jefi-jefi a tsibiran Sawo Tome da Annobon amma ba su haɗu sun yi ganuwa ta a zo a gani ba. Rabonmu jatan lande ne, daga sunansu ma Turawan Fotugal suka raɗa ma kogin Wuri suna har ya zama Kamaru.

Bahar Maliya kuwa akasin haka, babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, hamada hagu hamada dama, sai ruwan ya zama tas, murjani ya samu yadda yake so. Kuma kakanninmu sun fi mu saninsa, don masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda ke bi ta Fort-Lamy (Njamena ta yanzu) da Abeshe su ratsa Darfur su yi shekaru a hanya, a Sawakin suke shiga jirgin ruwa, garin da gidajensa da tubalin murjani aka gina su, su sauka Jidda inda tsofaffin gidajen cikin gari su ma da shi aka yi. Alhazanmu na yanzu in jirgi ya kusa sauka, wanda ya samu kujerar taga ya leƙa, wannan tsanwa-tsanwan da ke bin gaɓa kafin shuɗi mai duhu, shi ne.

To su wa ke zaune a garin murjanin? Ni wanda ya fi burge ni kifin aku ne, haƙoransa sun haɗe sun zama baki irin na aku, yini yake yana kankare gansakukar da ke tsirowa a kan murjani, yana haɗawa da dutsen ya niƙe a maƙogwaro, ya kasayar da shi gari. Babba guda ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwan kilo a shekara. Farin yashin nan da masu kuɗi ke biyan miliyoyi su je su kwanta a kai a ɗauke su hoto, a wasu tsibiran kaso mai yawa nasa kashin kifi ne, Allah ya ba su haƙuri. Da dare wasu daga cikinsu sai su saƙa ma kansu riga ta majina su kwana a ciki, kamar gidan sauro. Kuma aikinsa ba na wasa ba ne, shi ne mai noman garin, in babu shi ciyawar ruwa ta rufe ko'ina jariran murjani su rasa wurin zama.

Akwai kuma wanzami. Ɗan kifi ne siriri kamar yatsa mai baƙin zane a gefe, yana da wurin zamansa sananne, manyan kifaye su zo su yi layi, wanda zai iya haɗiye shi lokaci guda ya buɗe baki ya tsaya cak, shi kuma ya shiga har cikin baki da matsatsin numfashi yana tsince ƙwari da mataccen fata. Ba a cin wanzami. Wani lokacin yana ha'inci ya ɗan gatsi lafiyayyen jiki, mai aski ya zabura ya kore shi, kuma an lura ya fi kiyayewa in akwai wasu a layi suna kallo. Ku ce min wannan ba halin ɗan kasuwa ba ne. A Bahar Maliya an ga wani babban kifi mai faɗin baki yana zuwa ƙofar ramin wani mai kama da maciji yana kaɗa masa kai, su fita farauta tare, ɗaya ya bi ta cikin ramuka ɗaya ya tsare waje, duk ta inda abun farauta ya ɓullo ya gamu da wani. Shi kuma ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara da yara ke gani a katun, a cikin wata halitta mai harbi yake kwana, harbin ba ya kama shi, kuma in uwargidan ta mutu sai namijin da ya fi girma ya rikiɗe ya zama mace. Wannan ban gaya ma Kaka ba, musu ɗaya ya ishe ni.

Ganuwar ba ita kaɗai take tsaye ba, tana da maƙwabta biyu. Daga bakin gaɓa akwai dajin itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyi kamar ƙafafun gizo, su ke tare laka, kuma cikin saiwoyinsu 'ya'yan kifi ke girma kafin su fita, irinsu muna da su da yawa a bakin Wuri da Rio del Rey, ana ta sare su don yin banda. Tsakani kuma fadamar ciyawa ce a ƙarƙashin ruwa, nan ne makiyayar ɗan uwan ayu. E, ayun nan dai da masunta ke ba da labarinsa, wanda har yanzu akwai shi a tafkin Lere na Cadi, yana da ɗan uwa a teku mai wutsiya kamar ta kifi, yana kiwo a gaɓar Sudan wajen Dungonab, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 tare da Sanganeb. Shayar da ɗansa yake da nono, ɗa ɗaya bayan shekaru, shi ya sa in aka kashe kaɗan sai a daɗe ba a mayar ba.

Kunkurun teku kuwa a nan ne mu ma muke da abun faɗa. Yana yawo dubban kilomita amma macen sai ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta fito da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen ɗari ta rufe ta koma, ba ta ƙara waiwayarsu. Zafin yashin ne ke yanke hukunci, in ya yi zafi mata za su fi yawa, in ya yi sanyi maza. Mafi girmansu mai baya kamar fata yana haura kilo 500, ku kwatanta da kififiyar kogi, kuma gaɓar Gabon na cikin manyan wuraren da yake ƙwai a duniya, yana zuwa kudancin Biyoko, yana zuwa Eboje kusa da Kampo inda mutanen ƙauyen suka rungumi tsaronsa. Abincinsa wata halitta ce mai kama da farar leda tana lilo cikin ruwa, to ledar gaske in ta iso ba ya bambancewa. An hana irin ledar nan a Kamaru tun 2014, ku leƙa kwata ku ga yadda hanin ya yi aiki.

Saura wurin da ke cikin tsumman Kaka. Shi ma ɗan garin murjani ne, katantanwa ce da ke kiwo a ruwa marar zurfi, kuma da yawa daga cikin wanda aka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa daga tsibiran Maldif ya fito, can tekun Indiya. Matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Battuta ya zauna can ya yi alƙalanci wajen 1343, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a dinari ɗaya, da ya zo Mali bayan shekara kusan goma ya tarar 1,150 ne a dinari. Ku lissafa ribar. Daga baya a ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani iri daga Zanzibar har darajarsa ta zube. Ita kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce, ke nan duk wanda ya ce ba shi da kuɗi sunan katantanwar teku yake kira bai sani ba.

Su tsibiran Maldif ɗin kansu, kusan 1,200, murjani ne ya gina su. Darwin ya ce dutse mai aman wuta ne ke fitowa a teku, murjani ya kewaye shi, dutsen ya riƙa nutsewa a hankali murjanin yana ƙara gini sama don kar ya rabu da rana, har dutsen ya ɓace a bar zobe. Sai a 1952 Amurkawa suka haƙa a tsibirin Enewetak suka ratsa sama da mita 1,200 na ƙashin murjani kafin su taɓa dutsen, magana ta tabbata. Tsayin ƙasar Maldif a kan teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici, ganuwar ce ke karya musu igiyar ruwa, shi ya sa a 2009 shugabansu Mohamed Nasheed ya kwashi ministocinsa suka yi taro a ƙarƙashin ruwa da tukwanen iska a baya don duniya ta ji kukansu.

Kukan na mene ne? Zaman amanar nan na maigida da 'yar haya ba ya jure zafi. Mu nan da muke ganin digiri 44 a watan Afrilu za mu yi dariya in aka ce digiri 1, amma in ruwa ya ɗara zafin da ya saba kaiwa da digiri 1 kacal ya zauna haka makonni, gansakukar sai ta rikice ta fara fitar da abun da ke ƙona maigidan, shi kuma ya tofar da ita waje. Launi ya tafi, gari guda ya koma fari fat kamar an watsa farar ƙasa. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ta fara, in ruwan ya huce da wuri zai ɗauki sabuwar 'yar haya ya farfaɗo, in ya daɗe shi kenan, ciyawa ta rufe gawar, ginin ya fara rugujewa, kifayen su watse. A 1998 ya faru a duniya baki ɗaya, Maldif da Seshel suka rasa mafi yawan murjaninsu na ruwa marar zurfi, ya sake a 2010, ya sake daga 2014 zuwa 2017, a Afrilun 2024 aka sanar da karo na huɗu. Matsalar a tazarar take, ganuwa na buƙatar shekara goma ko fiye kafin ta dawo hayyacinta, ita kuwa ta Ostareliya ta sha shi a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024, kamar gonar da fari ke faɗa mata kafin manomi ya biya bashin bara. A arewacin Bahar Maliya wajen Aƙaba an samu masu taurin rai da ke jure zafi fiye da saura, masana na ta sa musu ido.

Inda kuma mutane suka ƙara da nasu sai abun ya haɗu goma da ashirin. Masu jefa nakiya a ruwa su kwashi kifi su bar gini a farfashe, masu zuba guba, masu kame kifin aku har ba mai nome ciyawa bayan murjanin ya yi fari. Da na faɗa ma Kawu wannan bai yi musu ba, cewa ya yi "To ai su ma suna da masu gamalin da masu su da gidan sauro ke nan." A nan ne ya yarda bidiyon ba haɗi ba ne.

Akwai na ƙarshe mai zuwa a ɓoye, teku na shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin da duniya ke fitarwa, ruwan yana ɗan ƙara tsami, alli kuwa ba ya shiri da tsami, gini sai ya ƙara wuya. Wannan na so in nuna ma Kaka da ido don in ci musun, na ce ta ba ni ƙwayar murjani ɗaya in jefa a binega, in na gaske ne za ta ga yana 'yan kumfa. Ta ce in na taɓa mata sarƙa sai dai a ɗaura auren ba da ni ba. Da ƙyar ta ba ni wuri ɗaya, wanda bakinsa ya ɗan guntule. Na sa shi a kofin shayi na zuba binega, 'yan kumfa ƙanana suka fara tasowa a jikinsa, da safe ƙyallin nan nasa duk ya tafi ya koma kamar alli. Na kai mata da murnata. Ta juya shi a tafin hannu ta ce "To dabbar ina take? Ni dai kuɗina na gani ka lalata, bakwai suka rage, kuma sai ka biya."